Kan 'Yar Asabar

Litinin, 1 ga Satumba

Alhamdulillahi. Yau Anti, mai shagonmu, ta ba ni kujerar da ke bakin taga. Na tashi daga 'yar tsifa da wankin kai, na zama mai kitso da kibiyarta da matajinta. Rediyo, abokiyar aikina wadda bakinta ba ya zuwa hutu, ta yi ta tafi har mai gyaran waya na maƙwabta ya leƙo ya ga ko gobara ce. Allah mai hikima, kunnena da ya mutu shi ne yake ɓangarenta.

Bara war haka ina gadon asibiti, kai a naɗe, Yaya yana tsaye yana rantsuwa ba zan koma gidan mutumin nan ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Yau ga ni da ɗaki a gidan Yaya, ni da 'yata, makulli a jakata. Ni nake kullewa, ni nake buɗewa. Wanda bai taɓa rasa wannan ba ba zai gane daɗinsa ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

'Yata ta fasa kofi, ta tsaya tana kallona. Na ce ta kawo tsintsiya. Shi ke nan, ba abin da ya biyo baya. Na gode wa Allah.

Asabar, 6 ga Satumba

Akwai wata da muke kira 'Yar Asabar, don ba ta zuwa sai ranar, mako ɗaya a tsallake ɗaya. Yarinya ce siririya, ba ta daɗe da aure ba, muryarta kamar ta mai ciwon haƙori. A da Anti ke mata kitso, yau ta turo min ita.

Mijinta ke kawo ta a mota, ya jira a waje har a gama. Yakan shigo ya gaida Anti da ladabi, ya ajiye mana lemo mai sanyi. Takalminsa kullum a goge, har ƙyalli yake. Rediyo ta ce in ana rabon irin wannan miji a tashe ta ko tana barci.

Na fara tsifa. Ina zuwa bayan kunnen hagu yatsuna suka tsaya da kansu. Fili ne babu gashi, faɗin murfin kwalba, da ɓawon ciwo a tsakiya. Ba sanƙo ba ne, ba kuma ƙaiƙayi ba. Gashin da aka damƙa aka finciko ne. Na san shi kamar yunwar cikina.

Kafin in buɗe baki ta ce ƙofar kabad ce ta kama ta. Na ce sannu. Ni tagar kicin nake cewa a zamanina.

Na karkatar da tsagar, na aro gashi daga sama na kwantar a kai, na ɗaure sako-sako don kada ya ja ciwon. Da na ba ta madubi ta juya ta juya, ita kanta ba ta ga wurin ba. Ta ce hannuna yana da kyau. Anti ta dube ni ta gyaɗa kai. An yabe ni, amma lemon nan ban sha ba, Rediyo na bai wa.

Laraba, 10 ga Satumba

Dokar shagon nan ɗaya ce, tun ranar da na fara Anti ta karanta min ita: mai kitso hannu gare ta, ba ta da baki. Abin da yatsa ya tarar a kan mace, a nan yake kwana. Ba a tambaya. A gyara, a rufe, mace ta fita da mutuncinta.

Ni kuwa wace ce da zan soki dokar? Duk shekarun aurena Anti ce ke min kitso. Sau nawa na zauna a gabanta kaina kamar gonar da awaki suka shiga, ta rufe min tsaf, na tafi biki ana cewa kitson wa ya fi nawa. Ba ta taɓa kunyata ni ba. Da na fito kuma, ba ni da sana'a ba ni da ƙarfin gwiwa, ita ta ce in zo in riƙa taya ta tsifa. Har in mutu ina mata addu'a.

Amma yau ina wanke mataji sai wani tunani ya zo min wanda ban gayyata ba. Da Anti ba ta iya rufi haka ba, anya da na kai har kunne ya tafi? Mahaifiyata ta rasu tana yabon surukinta. Astagfirullah. Na kori tunanin, ya tafi ya dawo.

Juma'a, 12 ga Satumba

Wata ƙawar matar Yaya ta zo, ta zauna tana min wa'azin haƙuri da shinkafarmu a bakinta. Wai mace ta gari ba ta barin ɗakinta, wai mahaƙurci mawadaci. Na ce mata na yi haƙurin, ga wadatar nan, kunne ɗaya. Matar Yaya ta ƙware da dariya sai da aka ba ta ruwa.

Ni ban yi faɗa da haƙuri ba. Shi ya riƙe ni a asibiti, shi yake tashe ni da asuba. Amma malamar da nake zuwa karatu wurinta ta faɗa mana wata magana da ta zauna min: jikin nan amana ne, kuma Wanda ya ba ki amanar bai ce ki miƙa wa wani ya farfasa ba. Da na ji wannan da wuri!

Asabar, 20 ga Satumba

'Yar Asabar ta dawo. Tsohon wurin ya fara tsiro, sai ga sabo a ƙeya, ƙululu kamar ƙwan tantabara. Ina taɓawa ta ɗauke numfashi. Yau banɗaki ne, wai santsi ya kwashe ta. Na ce sannu, na ci gaba. 

Muna tsaka aka kira azahar. A bayan shago muna da ɗan lungu, famfo da buta da darduma biyu, labule ya raba shi da masu jira. Ta ce za ta yi sallah ita ma, ta biyo ni da rabin kai a tsefe.

Wallahi ban shirya komai ba. Ko na shirya? Ban sani ba. Kullum idan da mutum a wurin, hannu nake cusawa ƙarƙashin ɗankwali in yi shafar kai a ɓoye. Yau sai na cire shi gaba ɗaya na rataye a ƙusa. Tabon ɗinkin nan da ya taso daga saman kunne ya nufi tsakiyar kai, inda gashi ya ce shi da wurin har abada, ga shi nan a fili. Na yi alwalata a natse. Ina jin idonta a kaina kamar rana.

Ta ce min, “Me ya same ki?”

Na ce, “Tagar kicin.” Na ɗan tsaya, sannan na ce, “Shekara da shekaru tana kama ni, sai da na bar mata gidan.”

Muka tayar da sallah. A sujada na ji dardumar kusa da ni tana rawa, na tsawaita tawa don kada ta ɗago ita kaɗai. Da muka fito ta wanke fuska, na ƙarasa kitson, na rufe ƙululun kamar yadda aka koya min. Mai mota ya yi hon sau ɗaya ta miƙe har tana mance jaka.

Litinin, 22 ga Satumba

Ruwa ya hana mutane zuwa shago, Rediyo ta tafi sayo burodi, muka rage ni da Anti. Na daɗe ina juya maganar kafin in tambaye ta me ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa ce min me ya same ki ba.

Ta daɗe tana goge madubin da ba shi da datti. Sannan ta ce ta taɓa tambayar wata, tun tana sabuwar buɗe shago. Matar ta yi dariya ta ce ba komai, daga ranar ba ta sake zuwa ba. Bayan wani lokaci sai labarinta aka ji, ba mai daɗi ba.

Ta ce, “Idan na tambaye ki kika gudu, wa zai riƙa ganin kanki? Gara kina zuwa ina gani.”

Ashe ba rufewa kaɗai take yi ba, gadi take. Ta ce duk ranar da na makara zuwa ba ta iya cin abinci. Na yi kuka, ta ce in tashi in share gashin da ke ƙasa, ita ba ta son shagwaɓa. Idonta ita ma ja wur.

Na gode mata har zuciya. Amma gani kaɗai bai hana kunnena tafiya ba, kuma ita ma ta sani. Ba mu faɗa ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

'Yar Asabar nake sawa a addu'a yanzu, bayan 'yata. Ko sunanta na gaskiya ban riƙe ba. Wanda nake roƙo ya san shi.

Laraba, 1 ga Oktoba

Yaya ya gyara mana fankar ɗaki. Ya tarar da ni na yi tagumi, ya ce ko mutumin ne ya sake aiko da masu ba da baki. Na ce a'a, kan wata ne yake damuna. Ya ce ni dai tunda na fara kitso kan kowa sai ya dame ni. Allah ya bar min Yaya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Yau mijin 'Yar Asabar bai tsaya a gaisuwa ba. Ya ce wa Anti surukarsa za ta zo gobe daga nesa ta kwana biyu, yana so a yi wa matarsa kitson da ya fi na kullum, a gyara ko'ina da ko'ina. Ya maimaita ko'ina ɗin. Lemo har da ƙari. Rediyo ta ce kai, wannan bawan Allah da son surukai yake.

Da na tsefe na ga dalilin. A tsakiyar kai ne wannan karon, tsagewa ce doguwa, ta fara haɗewa amma bakinta ja. Irin wadda bango ke yi, ko gefen gado. Ba ta ce kabad ba, ba ta ce banɗaki ba.

Na fara lissafin yadda zan yi: in tattara gashin gefe biyu in haɗe a sama, ba mai gani. Na sa kibiya zan karkata tsagar, sai ta kama hannuna. Ta yi maganar ƙasa-ƙasa, kuma ta ɓangaren mataccen kunnen, sai da na zagayo na durƙusa a gabanta kamar mai neman abin da ya faɗi.

Ta ce innarta tana da wata ɗabi'a tun suna yara. Duk inda ta same su, kafin ta sha ruwa sai ta zaunar da su ta cire ɗankwali ta bi tsaga ɗaya bayan ɗaya da mai. Mijin ya sani, ya taɓa gani. Ta ce ta gwada faɗa mata a waya ba sau ɗaya ba, bakin ya ƙi.

Ta ce, “Ki bi ta kansa da tsagar. Kada ki rufe.”

Na tambaye ta ko ta tabbata. Na ce idan shi ya riga gani fa? Ta ce gaban goshi kawai yake dubawa, kuma za ta ɗaure kai har innar ta iso. Na ce idan innar ta gani ta ce ki yi haƙuri fa? Don ana yi, na ga an yi. Ta ce to, ta dai gani.

Na yi bismillah. Na ja tsaga miƙaƙƙiya tun daga goshi har ƙeya, ta bi ta kan ciwon sak, na kwantar da gashin hagu da dama ya bar shi a fili kamar hanya. Gaban kuwa na ƙawata shi iya iyawata. Tunda na fara kitso ban taɓa yin mai kyau da muni a kai ɗaya irin wannan ba.

Anti ta zo wucewa da tawul ta tsaya a bayana. Na ji tsayuwarta har cikin ƙashina. Na ce a raina yau kujerar taga ta tafi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo min man da ba ya zafi a ciwo, ta ce in shafa kaɗan, ta juya ta aiki Rediyo sayen zare da ba ma buƙata.

Na sa mata lambata a waya da sunan mai kitso, wanda ba ƙarya ba ne. Ta ɗaure kai tam. A bakin mota ya ɗaga gefen ɗankwalin ya duba goshi, ya ɗago mana hannu.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ba labari. Ya Allah, ni na ja tsagar, Kai ne mai buɗe ido.

Litinin, 6 ga Oktoba

Shiru. Na ƙona wa wata kunne da ruwan zafi, na ba da haƙuri har ta gaji. Idan ya gani kafin innar fa? Idan hannuna ne ya jawo mata? Abinci ya ƙi shiga. Anti ma na ga kwanonta a rufe har la'asar.

Laraba, 8 ga Oktoba

Allahu Akbar. Allah na gode maka.

Da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar shago. Wata 'yar tsohuwa ta fito, gajeriya, da jakar tafiya da carbi a hannu, fuskar nan ba wasa. Ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta ce wace ce ta yi wa 'yarta kitso ran Asabar. Rediyo, wadda ba ta taɓa rasa magana ba, ta nuna ni da baki.

Na ce ni ce, Inna. 

Ta tambaya tun yaushe ake ganin irin wannan a kan yarinyar. Anti ta matso ta ce tun watannin farko, kuma ita ce take rufewa. Tsohuwar ta dube ta kallo mai tsawo, Anti ba ta kau da kai ba, ba ta kuma kare kanta ba. Na ɗauka za a yi tashin hankali. Sai tsohuwar ta ce ita ma da ta haife ta tana jin muryarta a waya tana canzawa, ta ce wa kanta gajiyar aure ce.

Sannan ta kama hannayena biyu ta juya su tana kallo, ta tofa musu addu'a ta shafa. Ta ce yadda na buɗe mata ido Allah ya buɗe min ƙofofin alheri, ya raya min abin da na haifa. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

Ashe tun daren Lahadi ta gani. Ta shafa man ta mayar da ɗankwali ba ta nuna komai ba, ta ci abincin surukin, ta amsa gaisuwarsa kwana uku, tana jiran ranar da zai yi nisa da gida. Tsohuwa ke nan! Yau ya tafi aiki wajen gari, suka kwashe abin da hannu zai ɗauka.

'Yar Asabar tana cikin tasin, ba ta fito ba. Na je taga. Ta ce ba gidansu za su ba, don nan zai fara nema. Wurin wata gwaggonta za su, ta faɗa min garin da unguwar, ta ba ni lambar gwaggon, ta ce ni kaɗai ta gaya wa, ko zan je wata rana. Ta ce tana jin tsoro. Na ce ni ma na ji, har yanzu ina ji wani lokaci, amma tsoron waje yana barin mutum ya yi barci. Direba ya ja mota.

Rediyo ta zauna jugum. Can ta ce duk lemon da ta sha Allah ya sa kada ya bi jikinta.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mijin 'Yar Asabar ya zo. Mun san zai zo.

Ina tsakiyar yi wa wata malamar asibiti kitso ya shigo, ba lemo. Ya gaida Anti kamar kullum, ya ce iyalinsa ta yi tafiya ba sallama, ya je gidansu ba ta nan, ko ta faɗi wani abu a nan. Anti ta ce nan shagon kitso ne. Sai muryar ta sauya, ta koma irin wadda na sani, mai sanyi-sanyi kafin hadari. Ya ce wadda ta yi mata kitson ƙarshe yake son ji daga bakinta, don ya ga lambar mai kitso a tsohuwar wayar da ta bari.

Na yi niyyar cewa ban sani ba. Kalmar tana kan harshena, ita ce mai sauƙi, na kuma saba da irinta. Amma na gaji da tagar kicin.

Na ce, “Na san inda take. Ba zan faɗa maka ba.”

Ya matso taki ɗaya. Anti ta miƙe da almakashi a hannu, wai zare take yanka. Rediyo ta leƙa waje ta ƙwala wa mai gyaran waya kira, ya zo ya tsaya a ƙofa da abokansa biyu. Malamar asibitin ta ɗaga wayarta ta ce ta san lambar da ake kira. Mijin ya tsaya, ya ce za mu gani, ya fita. Na buga wa Yaya waya, ya ce gobe za mu je wurin 'yan sanda a shigar da rahoto, kuma shi zai riƙa raka ni shago kwanakin nan. Na kira can, suna lafiya, gwaggon ta ce ko ƙofar unguwa ba zai gani ba. Alhamdulillahi.

Na ƙarasa kitson, na yi la'asar, na sha shayi kofi biyu.

Rediyo tana ta ba kowa labari, wai na tsaya ƙyam na kalle shi cikin ido har sai da ya sunkuyar da kai. Ƙarya take, ta saba ƙari, ni ba na kallon fuskar namiji yana fushi. Ni dai kawai na lura yana da ɗan tabo a girar hagu, kuma idanunsa ƙanana ne ƙwarai.